Michael Jackson da waƙoƙin da ya bari: tambayoyi da amsoshi

Michael Jackson ya mutu tun 2009, amma tambayoyi a kan waƙoƙinsa ba su ƙare ba, musamman daga masu tasowa da suka tarar sunansa ya riga ya gama duniya. An tattaro waɗanda aka fi maimaitawa, an fara da na share fage kafin a shiga masu zurfi. Maganar a nan ta aikin situdiyo ce da waƙoƙin kansu, rayuwarsa kuwa tana shigowa ne kawai inda ta taɓa waƙar.

Yaushe ya fara naɗar waƙa?

An haife shi ranar 29 ga Agusta 1958 a Gary, garin masana'antun ƙarfe a jihar Indiyana ta Amurka. Mahaifinsa Joe Jackson ma'aikacin kamfanin ƙarfe ne mai sha'awar kaɗa jita. Shi ya haɗa 'ya'yansa maza ƙungiya, yana horar da su da tsananin da Michael ya yi ta kokawa da shi har girmansa. Ƙungiyar ita ce Jackson 5, wato Jackie, Tito, Jermaine, Marlon da ƙaraminsu Michael. Faifansu na farko, "Big Boy", ya fito a farkon 1968 daga Steeltown, wani ƙaramin kamfani na garinsu. Michael yana ɗan shekara 9, kuma shi ne mai jan baki.

Tauraronsu ya haska ne bayan Berry Gordy ya ɗauke su a kamfaninsa na Motown. "I Want You Back" ta fito a ƙarshen 1969, sai "ABC", "The Love You Save" da "I'll Be There" suka biyo baya a 1970, kuma duk huɗun sun hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard Hot 100, wanda da shi ake auna tashen waƙa a Amurka. Kafin su babu ƙungiyar da ta fara da huɗu a jere haka.

Kundi nawa ya fitar shi kaɗai?

Goma. Huɗu a Motown yana yaro: Got to Be There da Ben a 1972, Music & Me a 1973, sai Forever, Michael a 1975. Shida a kamfanin Epic bayan ya mallaki hankalin kansa: Off the Wall a 1979, Thriller a 1982, Bad a 1987, Dangerous a 1991, HIStory a 1995 da Invincible a 2001. Akwai kuma Blood on the Dance Floor na 1997, wanda yawanci ba a saka shi cikin lissafin, domin sabbin waƙoƙi biyar ne kawai a ciki, sauran takwas tsofaffi ne da aka sake wa kiɗa.

Mutane da yawa kan yi mamakin ƙarancin adadin, kuma a nan ne ya kamata a fara fahimtar mutumin. Kundi shida cikin shekara 22. Yakan naɗi waƙoƙi masu yawa, ya zubar da mafi yawansu, ya saki abin da ya gamsu da shi. Wannan taka-tsantsan ɗin shi ya sa ake kallon abin da aka fitar bayan mutuwarsa da wani ido daban, kamar yadda aka yi bayani a tambayar kundayen bayan mutuwa can ƙasa.

Me ya sa Jackson 5 suka koma The Jacksons?

A Motown marubutan kamfani ne ke rubuta musu waƙa, furodusoshin kamfani su tsara kiɗa, su kuwa yaran su rera, kuma kason da suke samu a cinikin faifai bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Da suka nemi a bar su su rubuta nasu aka ƙi, sai suka koma Epic a 1975. Sunan Jackson 5 mallakar Motown ne, dole suka bar shi a can. Jermaine, wanda ke auren 'yar Berry Gordy, ya zauna, ƙaninsu Randy ya maye gurbinsa.

Kada a tsallake wannan zangon. A kundin Destiny na 1978 ne suka fara riƙe ragamar aikinsu, kuma "Shake Your Body (Down to the Ground)" da Michael ya rubuta tare da Randy ta riga ta nuna inda ya dosa. Triumph na 1980 ma yana cikin mafi kyawun abin da suka yi a tare.

Ta yaya ya haɗu da Quincy Jones, kuma me ya sa ake girmama Off the Wall?

Sun saba ne a wajen aikin fim ɗin The Wiz, wanda ya fito a 1978. Michael yana cikin 'yan wasa, Quincy yana kula da kiɗa. Da Michael ya nemi ya ba shi sunan furodusan da zai yi masa kundi, sai Quincy ya ba da kansa. Wasu manyan Epic sun yi ɗari-ɗari, suna ganin Quincy mutumin kiɗan jaz ne, ba zai iya fitar da abin rawa ba. Michael ya kafe.

Kundin ya fito a Agustan 1979, kwanaki kaɗan kafin ya cika shekara 21. Quincy ya zo da mutanensa: injiniyan sauti Bruce Swedien, da marubuci Rod Temperton, Baturen Ingila daga ƙungiyar Heatwave, wanda ya rubuta "Rock with You". Michael ya kawo tasa, "Don't Stop 'Til You Get Enough". Biyun sun hau lamba ɗaya, kuma waƙoƙi huɗu daga kundin sun shiga sahun goman farko. A ƙarshen "She's Out of My Life" ana jin muryarsa ta karye da kuka. An sake ɗauka, ya sake fashewa, daga ƙarshe aka bar ta haka.

A ganina babu kundin da muryarsa ta fi sakewa kamar a wannan. Bai riga ya ɗauki nauyin zama wanda ya fi kowa ba, waƙa kawai yake yi cikin nishaɗi. Sai dai kyautar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, ɗaya tak ya samu da shi, abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma da wannan haushin ya shiga aikin Thriller.

Da gaske Thriller ne kundin da ya fi kowanne ciniki a tarihi?

A lissafin duniya baki ɗaya, e. An fi ƙiyasta kwafi kusan miliyan 70. A Amurka kaɗai an tabbatar masa da miliyan 34, ko da yake a can wani tarin waƙoƙin ƙungiyar Eagles ya sha gabansa a 2018. Ya fito a ƙarshen Nuwamban 1982 da waƙoƙi tara. An saki bakwai daga ciki ɗaya bayan ɗaya, kuma duk bakwai ɗin sun shiga goman farko. Ya yi mako 37 a saman jadawalin kundaye. A bikin Grammy na 1984 Michael ya tafi gida da kyauta takwas a dare ɗaya.

An tsara shi ne yadda kowane gidan rediyo zai sami tasa. "The Girl Is Mine" da Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles ta Ingila, ta masu son sanyin waƙa ce. "Beat It" ta masu son kiɗan rok ce, shi ya sa aka gayyato Eddie Van Halen ya kaɗa jita a tsakiyarta, kuma bai karɓi ko sisi ba. "Human Nature" daga Steve Porcaro na ƙungiyar Toto ta zo. A lokacin gidajen rediyon Amurka sun raba waƙar baƙaƙe da ta farare, kundin kuwa ya ratsa duka ɓangarorin.

Sai kuma hoto. Tashar MTV mai nuna bidiyon waƙoƙi, wadda aka buɗe a 1981, a lokacin ba kasafai take saka baƙaƙen mawaƙa ba, bidiyon "Billie Jean" na cikin waɗanda suka karya wannan shingen. A Mayun 1983 aka nuna bikin cikar Motown shekara 25 a talabijin, inda ya yi rawar nan ta zamewa da baya da ake kira moonwalk. A Disamba aka saki bidiyon "Thriller" na kusan minti 14, wanda John Landis ya ba da umarni. Kundin ya riga ya shekara a kasuwa, amma cinikinsa ya sake tashi kamar sabo.

Shi yake rubuta waƙoƙinsa ko rubuta masa ake yi?

Duka biyun, kuma rabon ya riƙa sauyawa. A Motown rubuta masa ake yi. A Off the Wall ya rubuta biyu shi kaɗai, ɗaya kuma tare da mai jita Louis Johnson. A Thriller huɗu nasa ne: "Wanna Be Startin' Somethin'", "The Girl Is Mine", "Beat It" da "Billie Jean". A Bad tara cikin 11 nasa ne. "Smooth Criminal", "Heal the World", "Earth Song", "They Don't Care About Us" da "Stranger in Moscow" duk alƙalaminsa ne.

Wasu da ake ɗauka nasa ne kuma ba nasa ba ne. Ita kanta "Thriller" Rod Temperton ne ya rubuta ta, da farko ma sunanta "Starlight". "Man in the Mirror" ta Siedah Garrett da Glen Ballard ce. "You Are Not Alone" R. Kelly ne ya rubuta. Shi ma ya rubuta wa wasu, misali "Muscles" da ya ba Diana Ross a 1982 da "Centipede" da ya ba yayarsa Rebbie a 1984. "We Are the World" kuwa tare da Lionel Richie suka rubuta, ga ƙarin bayani a tambayar Afirka.

An ce bai iya karanta rubutun kiɗa ba. To yaya yake ƙirƙirar waƙa?

Da baki. Yakan ɗauki rikoda ya rera kowane sashe daban: bugun ganga da leɓɓa da harshe, kiɗan jita mai kaurin sauti da maƙogwaro, sannan karin waƙar, sannan amshi hawa-hawa. Idan ya shiga situdiyo sai ya rera wa kowane makaɗi nasa sashen har ya kama. Ya nuna wannan a gaban kotu a 1994, lokacin da wata mawaƙiya ta yi ƙarar cewa ya ɗauki waƙarta ya yi "Dangerous", kuma shi ya yi nasara. Mai son ya ji da kunnensa ya nemi gwajin farko na "Beat It" da ke cikin kundin This Is It na 2009. Babu kayan kiɗa ko ɗaya a ciki, muryarsa ce a kan muryarsa, amma amshin ya riga ya tsaya da ƙafafunsa.

"Billie Jean" ce ta fi nuna yadda aikin yake. Tana buɗewa da ganga ita kaɗai, bugu mai tsabta wanda Ndugu Chancler ya yi. Sai jitar Louis Johnson ta shigo tana zagaye wuri ɗaya ba ta hutawa, sai ƙaramin sautin madannai ya sauko a kai, kusan rabin minti kafin a ji murya. Quincy ya so a rage wannan shimfiɗar, Michael ya ce ita ce take sa shi rawa, aka bar ta. Quincy ya kuma so a sauya sunan don kada a zaci da 'yar wasan tanis Billie Jean King ake, nan ma Michael ya ƙi. Bruce Swedien ya ba da labarin cewa sau 91 ya haɗa sautin waƙar, daga ƙarshe suka koma suka ɗauki haɗi na biyu.

Waƙoƙinsa nawa suka kai lamba ɗaya a Amurka?

In ban da na Jackson 5 da "We Are the World", 13 ne. Ta farko "Ben" a 1972, yana ɗan shekara 14, waƙar wani fim ce a kan yaro da abokinsa ɓera. Biyu daga Off the Wall, biyu daga Thriller, sai "Say Say Say" da Paul McCartney, biyar daga Bad, sai "Black or White" wadda ta yi mako bakwai a sama. Ta ƙarshe ita ce "You Are Not Alone" a 1995, waƙa ta farko a tarihin jadawalin da ta shigo kai tsaye a lamba ɗaya. Abin lura, "Thriller" da "Smooth Criminal" da "Remember the Time" ba sa cikin jerin, duk da cewa suna cikin waɗanda aka fi sani.

Bad ya gaza Thriller ne? Kuma me ya raba shi da Quincy Jones?

A ciniki ya gaza, amma babu kundin da bai gaza Thriller ba. Bad ya fito ranar 31 ga Agusta 1987, ya sayar da sama da miliyan 30, kuma shi ne kundi na farko da ya fitar da waƙa biyar masu lamba ɗaya: "I Just Can't Stop Loving You", "Bad", "The Way You Make Me Feel", "Man in the Mirror" da "Dirty Diana". Sai a 2011 Katy Perry ta kamo wannan tarihin. Rangadin da ya biyo baya, na farko da ya yi shi kaɗai, wasa 123 ne. Duk da haka kyautar kundin shekara ta Grammy ta tafi ga ƙungiyar U2.

Bad ne aikinsu na ƙarshe da Quincy. Michael ya kai matsayin da yake son ya riƙe komai da kansa, kuma kiɗan matasa ya sauya. Sai ya nemo Teddy Riley, matashin da ya ƙago salon new jack swing mai bugu da ƙarfi, suka yi rabin Dangerous tare, Bill Bottrell da Swedien suka taimaka a sauran. Kundin ya fito ranar 26 ga Nuwamba 1991 da waƙa 14, kusan minti 77, domin zamanin faifan CD ya zo. Rabinsa na farko rawa ce zalla, na biyun kuma ya koma addu'a da kaɗaici da zargi. "Who Is It" da "Will You Be There" suna wannan ɓangaren, kuma ba su sami rabin yabon da suka cancanta ba.

Akwai Afirka a cikin waƙoƙinsa?

Akwai, kuma wani wurin da rigima. Amshin da ke ƙarshen "Wanna Be Startin' Somethin'" daga "Soul Makossa" aka ɗauko shi, waƙar da Manu Dibango ɗan Kamaru ya saki a 1972. Ba a nemi izininsa ba. Dibango ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu aka biya shi. Maganar ta sake tasowa a 2009 bayan Rihanna ta yi amfani da amshin a "Don't Stop the Music". Ya kamata duk mai son waƙar Michael ya san sunan Dibango, domin ɗaya daga cikin wuraren da suka fi daɗi a Thriller nasa ne.

"Liberian Girl" a kundin Bad tana buɗewa da muryar Letta Mbulu ta Afirka ta Kudu cikin harshen Suwahili, ko da yake ba Suwahili ake yi a Laberiya ba. "We Are the World" an naɗe ta ne a Janairun 1985 don tara kuɗin agajin yunwar Habasha, Quincy Jones ne furodusa. Bidiyon "Remember the Time" an gina shi a kan tsohuwar Masar, da Eddie Murphy da Iman 'yar asalin Somaliya a matsayin sarki da sarauniya. Shi kansa ya taka ƙasar Senegal da 'yan'uwansa a 1974, ya kuma ziyarci Gabon, Kwaddebuwa da Tanzaniya a 1992.

Me ya sa HIStory yake cike da fushi?

A 1993 aka zarge shi da lalata da wani yaro ɗan shekara 13. Ya musanta, ya katse rangadin Dangerous, kuma a farkon 1994 aka sasanta ƙarar diyya da kuɗi ba tare da ya amsa laifi ba. Hukuma ba ta gurfanar da shi a lokacin ba. An gurfanar da shi a wata shari'a daban a 2005, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi daga dukkan tuhume-tuhumen. A 2019 wasu mutum biyu sun fito a wani fim na bincike da irin wannan zargin, masu kula da gadonsa suka ƙaryata. Magana ce mai nauyi, kuma har yau kan masu sauraro a rabe yake a kanta.

HIStory, wanda ya fito a Yunin 1995, martaninsa ne ga zargin farko. Faifai biyu ne, ɗaya na tsofaffin waƙoƙi 15, ɗaya na sabbi 15. "Scream" da ya yi da ƙanwarsa Janet ihu ce ga 'yan jarida. "D.S." kuwa kowa ya gane da mai gabatar da ƙarar da ya bincike shi take. "They Don't Care About Us" ta jawo masa suka saboda wasu kalmomi da aka ce cin zarafin Yahudawa ne, ya ba da haƙuri ya sauya su. Spike Lee ya ɗauki bidiyonta a Brazil tare da makaɗan Olodum. A tsakiyar wannan hayaniya akwai "Stranger in Moscow", waƙar kaɗaici mai tafiyar hawainiya, wadda nake sakawa cikin uku mafi kyau da ya taɓa rubutawa. "Earth Song" ta riƙe lamba ɗaya a Birtaniya lokacin Kirsimetin 1995.

Me ya sami Invincible?

Ya fito ranar 30 ga Oktoba 2001, ya shiga a lamba ɗaya, sannan ya yi saurin sauka. An daɗe ana aikinsa, rahotanni sun ce ya ci kusan dala miliyan 30. Rodney Jerkins ne babban furodusa. "You Rock My World" ta tsaya a lamba goma. Michael bai yi rangadi ba, kamfanin Sony, uwar Epic, ya daina tallata kundin da wuri, kuma a 2002 ya fito fili ya zargi shugaban kamfanin, Tommy Mottola, da wariyar launin fata da cutar baƙaƙen mawaƙa. Waƙa 16 sun yi wa kundin yawa, amma "Butterflies", "Break of Dawn" da "Whatever Happens" da Carlos Santana ya kaɗa wa jita sun isa a koma musu. Bayansa bai sake fitar da cikakken kundi ba har ya mutu ranar 25 ga Yuni 2009, yana tsakiyar shirin wasanni 50 a zauren O2 na Landan.

Da gaske ya sayi waƙoƙin Beatles?

Ya sayi haƙƙin rubutunsu, bai sayi faifansu ba. Kowace waƙa tana da haƙƙin mallaka iri biyu: na rubutu, wato baitoci da kari, da na naɗin da aka yi a situdiyo. Rubutu kamar gona ne, naɗi kuma girbin shekara guda. Duk wanda ya sake rera waƙar, ko ya saka ta a talla ko fim, sai ya biya mai rubutu. Paul McCartney ne da kansa ya nuna wa Michael irin arziƙin da ke wannan harka lokacin da suke aiki tare.

A 1985 Michael ya sayi kamfanin ATV Music a kan dala miliyan 47.5. A ciki akwai waƙoƙi kusan 4,000, har da kusan 250 na Beatles, yawancinsu rubutun John Lennon da McCartney. Abotarsa da McCartney ba ta koma daidai ba tun daga nan. A 1995 ya haɗe ATV da sashen Sony aka sami Sony/ATV, kowa da rabi. Wannan rabin ne ya riƙa jinginarwa yana cin bashi a shekarunsa na ƙarshe. A 2016 Sony ya saye shi daga magada a kan dala miliyan 750.

To wa ya mallaki waƙoƙin Michael kansa yanzu?

Naɗin zamanin Motown yana hannun Universal, kamfanin da ya mallaki Motown a yau. Waƙoƙin da ya rubuta kuwa tun da wuri ya ajiye su a kamfaninsa na Mijac Music, darasin da ya koya daga abin da aka yi musu suna yara, duba tambayar The Jacksons. Bayan mutuwarsa, wasiyyarsa ta danƙa kula da dukiyar ga lauyansa John Branca da John McClain, a madadin mahaifiyarsa da 'ya'yansa uku. Ya bar bashin da aka ce ya haura dala miliyan 400, kuma da kuɗin waƙoƙin aka biya shi. A 2024 aka ba da rahoton cewa Sony ya sayi rabin haƙƙin waƙoƙinsa, rubutu da naɗi, a kan aƙalla dala miliyan 600.

Kundayen da aka fitar bayan mutuwarsa nasa ne na gaskiya?

Biyu ne na sabbin waƙoƙi, Michael a Disamban 2010 da Xscape a Mayun 2014. Na farkon ya zo da rigima. Waƙoƙi uku a ciki, "Breaking News", "Monster" da "Keep Your Head Up", an ce an naɗe su a 2007 a gidan abokinsa Eddie Cascio a jihar New Jersey. Tun fitowarsu wasu daga danginsa da ɗimbin masoyansa suka ce muryar ba tasa ba ce. Sony da masu kula da gado suka dage cewa tasa ce, magana ta kai kotu. A Yulin 2022 aka cire ukun daga manhajojin sauraron waƙa, tare da cewa an yi haka ne don a rufe cece-kucen, ba don an yarda na jabu ne ba. "Hold My Hand" da ya yi da Akon babu shakka a kanta.

Xscape waƙa takwas ne da ya naɗa tsakanin shekarun 1980 da ƙarshen 1990, Timbaland da wasu furodusoshi suka cire tsohon kiɗan suka saka na zamani. "Love Never Felt So Good", wadda ya rubuta da Paul Anka, ta shiga goman farko bayan an ƙara mata muryar Justin Timberlake. Murya tasa ce, amma zaɓi ba nasa ba ne, kuma ga mutumin da zai riƙe waƙa shekaru yana gyara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shawarata a nemi bugun Xscape mai ɗauke da waƙoƙin yadda ya bar su, a saurari waɗannan tukuna. Haka ma Bad 25 na 2012 da Thriller 40 na 2022, suna da gwaje-gwajen farko da ba a yi musu kwaskwarima sosai ba.

Daga ina sabon mai sauraro zai fara?

Number Ones na 2003 ya tattara fitattun waƙoƙin a wuri ɗaya, ya isa ɗanɗano. Daga nan a ɗauki Off the Wall a saurare shi daga farko zuwa ƙarshe, sannan Thriller, sannan Dangerous. Wanda ya fi son sanin mutumin da ke bayan muryar, faifai na biyu na HIStory zai nema, bayan ya karanta abin da ya haifar da shi a tambayar da ta gabata a kansa.

Waƙar "Give Thanks to Allah" da ake yaɗawa da sunansa, tasa ce?

Ba tasa ba ce. Zain Bhikha ne ya rera ta, mawaƙin nashida daga Afirka ta Kudu, wanda muryarsa take da laushi irin na Michael. Jita-jitar ta sami gindin zama ne saboda yayansa Jermaine ya musulunta a 1989, shi kuma Michael ya zauna a Bahrain bayan shari'ar 2005. Michael ya tashi ne a cikin ɗariƙar Shaidun Jehobah ta mahaifiyarsa, ya bar ta a 1987, kuma saboda ita ne aka saka sanarwa a farkon bidiyon "Thriller" cewa fim ɗin ba ya nufin ya yarda da tsafi.

Irin wannan jingina waƙa ta ƙaru yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya kwaikwayon murya. Hanyar tantancewa mai sauƙi ce: a duba ko waƙar tana cikin kundaye goman da aka lissafa a sama, ko Blood on the Dance Floor, ko na Jackson 5 da The Jacksons, ko abin da Motown, Epic da Sony suka fitar da sunansa. Akwai kuma 'yan waƙoƙin wasu da ya saka murya a ciki da saninsa, irin su amshin "Somebody's Watching Me" ta Rockwell, ɗan Berry Gordy, a 1984.